Baƙuwar da Yajin Aiki Ya Kawo Mana

Wata safiyar Litinin ce a farkon hutun bazara, shekarar da na cika tara, na leƙa ta tagar gidanmu a unguwar Deptford, a kudancin Ingila, na hango motar Baba tana tsayawa tun hantsi bai ɗaga ba. Baba direban tasi ne, aikinsa ɗauko 'yan yawon buɗe ido daga filin jirgi zuwa masaukinsu, kuma a bazara da ƙyar muke ganinsa. Ran nan sai ga shi yana jan wata ƙatuwar jaka, wata tsohuwa mai mayafi ruwan goro tana biye da shi a hankali.

Ashe masu kula da zirga-zirgar jiragen sama ne suka shiga yajin aiki a Faransa, jirage da yawa kuwa ta samaniyarsu suke ratsawa. Baba ya jira fasinjojinsa har ya gaji. Yana shirin tafiya ya ji tsohuwar tana tambayar wani ma'aikaci da Hausa inda za ta yi alwala. Sunanta Hajiya Ramatu, 'yar zangon Kumasi a ƙasar Gana, ta ziyarci ɗanta a arewacin Ingila za ta koma gida, ga shi ɗan ya riga ya juya. "An yi cancel ɗin jirginki, Hajiya," in ji Baba, "taho mu je wurin iyali."

Mama karin kumallo take haɗawa a wani ƙaramin otal, ranar da aka kira ta kawai ake biyanta. Washegari aka bugo mata cewa baƙi ba su iso ba, ta zauna gida tukuna. Na tuna yadda ta ajiye wayar ta daɗe tana goge teburin da ba shi da datti. Ga baki ya ƙaru, ga aikin mutum biyu ya tsaya. Baba dai cewa ya yi, "Baƙonka annabinka," ya ɗauki buta.

Hajiya ba ta tambayi komai ba, amma ta lura. Ta sa ni da ƙanena Sadiƙ a gaba zuwa kasuwar Deptford, ta yi ta shiga shagunan 'yan ƙasarta har ta samo karan dafi. Mu muka tsince wake a tire, muka ɓare albasa muna hawaye, ita kuma ta dafa shinkafa da wake irin na Gana, jajawur, da baƙin yaji. Hausarta ba ta raba mace da namiji. "Yarinyan nan ya iya aiki," take cewa, mu yi ta ƙunshe dariya, Sadiƙ na ba ta amsa da Turanci tana gyaɗa kai kamar ta ji. Da la'asar ta koya mini ampe, wasan tsalle da tafi, a filin bayan gidajen council, wato na hukuma, har 'yan matan maƙwabta suka shigo layi. Baba kuma, tunda ba aiki, yakan kai mu bakin kogi in ruwa ya janye, mu yi ta tsintar duwatsu a taɓo.

Tukunyar ta fi ƙarfinmu, sai Baba ya kai wa abokansa direbobi da ke zaman jira. Kashegari suka aiko suna so a sayar musu. Kafin jirage su dawo daidai, Mama ta koyi girkin, kuma da shi muka tsallake wannan bazarar. Ba kowa ya tsallake ba: wata ƙawarta a otal ba a sake kiranta ba, wani abokin Baba kuma ya mayar da motar da yake haya. Ranar tafiyar Hajiya, ta kama hannun Mama ta ce, "Kar ka rage yaji."

Yanzu iyayena sun koma Zariya, Hajiya kuma mun ji labarin rasuwarta da daɗewa. Ina zaune a unguwar Abbey Wood da 'ya'yana, gida shiru, kowa da wayarsa. In an sanar da sabon yajin aiki, abokan aikina hutunsu suke kuka da shi, ni kuwa masu shara da masu tuƙi nake tunawa. Duk da haka, makon da iyayena suka fi shiga damuwa shi na fi kewa.