Orrin da Allon Hawan Kwalta

Orrin Delgado makaniki ne a unguwarmu, bakin teku, kudu da Los Angeles. Kullum kafin ya buɗe gareji yana cikin ruwa tare da mu, kowa a kan allonsa, muna hawan igiyar ruwa. Shi da Wendell Pruitt kuwa tare suka taso, ko gurasa ɗaya suka samu sai sun raba.

Wajen 1959 ciwon kunne ya kama Orrin. Likita ya ce ko ya rabu da teku ko ya kurmance. Ya daɗe yana zama a kan yashi yana kallonmu. Wata rana ya cire tayoyin ƙarfe daga wani tsohon takalmin taya na ƙanwarsa, ya kafa su a ƙasan guntun katako, ya nufi gangaren bayan makaranta, ya hau katakon ya gangaro. Ƙafa ba takalmi, gwiwa a lanƙwashe, yana karkata jiki kamar ruwa ne ƙarƙashinsa.

Muka yi ta dariya. Wendell ya ce, "Kai tsoho, teku ya kore ka, ka koma wasan yara?" Amma duk ranar da teku ya kwanta, sai ga mu a gangaren. Orrin ya ƙera wa kowa nasa allon mai taya.

Da abin ya zama yayi, Wendell ya buɗe shago yana sayar da alluna masu fenti, ya kafa ƙungiya mai riguna iri ɗaya. Bai gayyaci Orrin ba.

Ana nan sai wani yaro ya faɗo daga kan allonsa ya fasa kai. Iyaye suka taru a zauren gari, suna neman a rufe shagon. Wendell ya miƙe ya ce kayansa lafiya lau suke, allunan gareji ne ke raunata yara, ya kama sunan Orrin. Allon yaron kuwa a shagon Wendell aka saya. Na tashi na faɗa, hayaniya ta danne muryata.

Da aka fito, Orrin ya tare shi a bakin ƙofa.

"Wendell, sunana ka faɗa."

"Iyali gare ni, ɗan'uwa. Kai me za ka rasa?"

Mutane suka daina kai wa Orrin mota. Kafin shekara ta zagayo ya rufe garejin, ya koma Bakersfield yana gyaran taraktoci. Can ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata biyu. Na taɓa kai masa ziyara, matarsa ta yi mana wake da nama. Ya tambaye ni labarin mutanenmu ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa. Wendell kaɗai ya tsallake.