Mushe Yoshuwa da Layin da Babu a Jeri

Shekara talatin da ɗaya, kullum da safe Mushe Yoshuwa (Mushe muke kiran malamin boko a nan) yakan turo tsohon kekensa zuwa makarantarmu ta Tama, da ƙulli biyu a aljihu, ɗaya gero, ɗaya dawa. Malamin lissafi ne, amma wanda bai san shi ba sai ya ɗauka kaji zai ba hatsi.

Yakan jera ƙwayoyin layi-layi bisa tebur, gero da dawa a cakuɗe, ya ce mu ɗauka layukan ba su da ƙarshe. "Kun ce duk layin da ka yiwuwa na nan ciki? To ku diba." Sai ya bi ta karkace: ƙwayar farko a layin farko, ta biyu a layi na biyu, haka har gaba. In ya tarar da gero ya ajiye dawa a gefe, in dawa ce ya ajiye gero. Sabon layin ya saɓa wa kowane layi aƙalla a wuri ɗaya. "Wanga ba shi cikin jerinku!"

A ganinsa lissafi gini ne da ba a gama ba, a tushensa ma akwai abin da yarda kawai muka yi da shi. Yakan ce wannan ba abin tsoro ba ne, maganin girman kai ne.

Shekarar da sunana bai fito cikin waɗanda suka ci jarrabawa ba, babana Isufu ya ce karatu ya ƙare, in koma garkar albasa. Na yi kuka har na gaji. Mushe ya same shi a garka, ya tsuguna ya jera masa ƙwayoyin a ƙasa.

"Mi wanga ka nuhi, Mushe?"

"Jeri na barin abu waje, Isuhu. Ka bar Zaliha ta sake shekara guda."

Yau da nake koyar da lissafi, na san wannan ba hujja ba ce kan jarrabawa. Shi ma ya sani. Amma baba ya yi dariya, ya yarda.

Mushe, kai ne ka tsuguna a laka saboda 'yar wani. Bana ka ajiye alli, an fitar da sunayen malaman da za a karrama, na duba sau uku, babu naka. Raina ya ɓaci ƙwarai, kai ko a jikinka.

Mun gode, Allah Ya ƙara lafiya. Malamai 'yan'uwana, in jeri ya fito, mu je mu nemo wanda aka bari a waje. Ni dai na fara da Mushe Yoshuwa.