Dutsen Murhun Inna

Gadar dutsen da ke hanyarmu ta zuwa fadama, tun ina yaro gadar soji ake ce mata. Nasara ne suka sa aka gina ta, don sojojinsu masu saukowa daga Dosso zuwa bakin kogi a Gaya. Da aka shimfiɗa sabuwar hanya ta kauce mata, sai ta koma ta jakuna da amalanken shinkafa da mu masu tafiya a ƙasa. Ban taɓa ganin wani ya tsaya yana kallonta ba.

Shekarar da na ajiye koyarwa a lakwal, wasu baƙi suka zo daga birni cikin farar mota. Suka auna ta, suka ɗauki hoto, suka kafa allo cewa kayan tarihi ce, doka ta kare ta. Suka ce duwatsun da ruwa ya zubar daga gefenta, mutane suka kwashe, a maido su. Bayan damina masana za su zo su mayar da kowanne gurbinsa. Aka nemi mai jin Faransanci ya riƙe aikin. Zaman gida ya ishe ni, aka kira ni Mushe, wato Malam da Faransanci, sau biyu, kaina ya kumbura, na karɓa.

Gida gida na riƙa bi. Wani dutsen yana ƙarƙashin rumbu, wani dokin ƙofa ne, wani kuma mata na wanki a kansa bakin rijiya. Na sha baƙar magana har na ƙoshi. Wani tsohon masunci, ko kai bai ɗaga daga tarun da yake ɗinkewa ba, ya ce in fara da gidanmu tukuna. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya yi mini zafi.

Cikin duwatsu uku na murhun mahaifiyata, na bayan, babban, na gadar ne. Kakana na wajen uba yana cikin samarin da aka kama aikin dole, suka yi ta dakon dutse a ka daga tudu, har gashin tsakiyar kansa ya ƙi sake fitowa. Da ya tsufa, ambaliya ta karya gefen gadar, ya je ya ɗauko guda, ya ce wannan ya san shi, shi ya kai shi. Ya ajiye wa Inna tana amarya. Duk tuwon da na ci a duniya har na yi aure, a kan dutsen nan aka tuƙa shi.

Na same ta da hantsi tana hura wuta. Na yi ta kewaye-kewaye da zancen tarihi da jikokin da za su zo su gani. Inna ba ta kama sunana, ɗan fari ne ni. Ta saurara har na gaji da kaina, sannan ta sauke tukunya, ta janye itace, ta ce in jira ya huce. Da la'asar ta kwance tsohon kallabinta, ta naɗa gammo, ta miƙo mini.

"Kai wannan, da ka aka kai shi, da ka aka kawo shi. Ba za ka sa mini shi a amalanke ba."

Haka na ratsa gari da furfurata, dutse a ka, toka na zubo mini a wuya. Sau huɗu na sauke kafin in kai. Na ajiye shi cikin tarin da ke gindin gadar, na shafa masa lamba da farar ƙasa kamar sauran. Mako guda ban iya waiwaye ba saboda ciwon wuya.

Bulon siminti na kawo mata a madadinsa. Bulo ba ya jure wuta. Ya tsage, na kawo wani, shi ma ya tsage. Tukunya ta riƙa karkacewa, tana tokare ta da kasko. Da ta yi mini faɗa da na ji sauƙi, amma ko sau ɗaya ba ta ta da maganar ba.

Damina ta wuce, masana ba su zo ba. Na rubuta takarda, aka ce ana nan ana dubawa. Na sake rubutawa, na je da ƙafata, na zauna kan benci har azahar, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. A ƙarshe na daina. Allon ya yi tsatsa, awaki na kwana kan tarin.

Da jikin Inna ya fara ƙi, na yi niyyar in je in ɗauko mata abinta. Kunya ta hana ni. In na ɗauki nawa, da wane ido zan dubi masuncin nan da duk waɗanda na tone wa rumbu? Na ce bari a gama yankan shinkafa. Ba a gama ba ta rasu.

Bayan haka nakan bi ta gadar in tsaya. Lambobin tuni ruwa ya wanke su, amma nata ba ya ɓace mini, don gefensa guda baƙi ne ƙirin da hayaƙin shekaru. Kowace damina baƙin na raguwa, ina gani, ban yi komai ba. Ran Laraba da ta wuce na sake zuwa, da kallabin a aljihu. Na juya duwatsun ɗaya bayan ɗaya har bayana ya riƙe. Dukansu jajaye ne, ban gane wanne ne nata ba.