Farantin Apo

Ranar wata Juma'a, ina 'yar shekara takwas, Apo ta kama ni dumu-dumu a ƙarƙashin matakalar gidanmu na unguwar Xiaobei a China, kumatuna cike da lemo. Apo ita ce tsohuwa 'yar China mai gidan da muke haya. A gindin benen akwai wani lungu mai duhu da ni da ƙanwata Habiba muke kira kogo. Nan take ajiye ɗan jan allo da turaren tsinke da lemo uku a faranti. Mu kuwa a Kano muka taso, inda abin da aka fito da shi ƙofar gida sadakar yara ce. Duk sanda Umma ta aike mu zubar da shara, sai mu ratse, mu yi bisimilla, har da addu'ar Allah ya karɓa. Wata guda cur muna haka. Ashe ita Apo murna take yi, wai abin bautarta ya fara cin abinci, har ƙara lemon take.

Da maganar ta kai kunnen Abba, gumi ya karyo masa. Samun gidan haya ga baƙo a garin nan ba wasa ba ne, ga kayan mutane jibge a falo suna jiran jirgi. Umma ta dungure min kai, ta ce, "Kwaɗayi mabuɗin wahala." Abba ya tasa mu gaba da kwandon lemo, yana ta maimaita ɗan ban haƙurin da ya iya da yarensu. Ni dai na riga na saddaƙar a titi za mu kwana. Apo ta dube mu, ta dubi farantin, sai ta fashe da dariya har tana dafa bango. Daga ranar farantai biyu take ajiyewa, ta nuna mana namu da yatsa, ta ce, "Sadaka!" Kalmar Hausar da ta koya ke nan duk zamanmu.

Yanzu tonon kayan tarihi ne aikina. Bana muna wani kogo a ƙasar Girka, inda mutanen can na dauri suke kai wa gumakansu abinci. Da ɗan buroshi muke share ƙasa, a hankali kamar masu tsintar shinkafa. Shekaranjiya na fito da wani ƙaramin farantin yumɓu a gindin dutse, wayam. Abokin aikina ya ce ƙasa ce ta cinye abin da ke ciki. Na gimtse dariyata, don ni na san irin masu cinyewa.

An rushe gidan Apo tuni, ban ma san inda aka binne ta ba, kuma ina kewarta. Har rana ta faɗi ina share gefen dutsen nan, ko zan ga faranti na biyu.