Jan Zaren Inde

Duk Madarumfa babu mai zabi irin na Inde. Tun da aka kwashe mijinta aikin hanyar Nasara bai dawo ba, da ƙwan zabi ta raini ƴaƴanta, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Mace ce ƴar firit, ga faɗan tsiya, amma wallahi ko allurar wani ba ta taɓa ɗauka ba.

Zabi kuwa ba su san iyaka ba, a bakin tafki suke cuɗanya. Shi ya sa kowa ke ɗaura wa ƴan tsakinsa zare a ƙafa. Na Inde ja ne, rinin karan dafi. Na maƙwabcinta Lawali baƙi ne, rinin baba.

Ran nan da damina, hadari ya haɗo, magariba ta kawo jiki, Inde tana koro ƴan tsaki gida, sai ga Lawali a guje.

"Inna, tsaya! Waɗannan nawa ne! Jama'a, ku zo ku ga sata da furfura!"

Mutane suka taru. Aka cafko ɗaya, aka duba ƙafa. Baƙi. Inde ta fizge shi, ta kai dab da idonta. Innalillahi! Ita ma baƙi ta gani. Amma da hannunta ta ɗaura zaren nan, kuma ta sha gani a saƙar faifai: in rana ta faɗi, siririn ja ba ya rabuwa da baƙi.

Wani ya ce a kawo fitila. Ta ce a'a, da rana, a bainar jama'a za a wanke ta.

"Kwashe su, ɗan nan. Kife su da kwando a gidanka, kai ka yi gadi."

Da hantsi ta ɗauro zanenta na Sallah, jama'a na biye. Lawali ya ɗaga kwando. Zare ja wur kamar barkono, a kowace ƙafa! Ya shiga sosa ƙeya, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Inna, ki yi haƙuri, duhu ne."

"Na sani, ni ma ya ruɗe ni. Idonka na yafe masa. Bakinka fa? Ɗauki kwandon, ka bi ta kasuwa, ka faɗi abin da ka gani."

Haka ƙaton nan ya ratsa gari, kwando a ka, yana "Ja ne! Zaren Inna ne!" Inde na baya, tana taku ɗai-ɗai.

"Ɗaga murya, Lawali. Jiya ba haka ka yi ba."