Ranar da Na Matsar da Dutsen Rabon Ruwa

A fadamarmu ta Rimawa, ƙasa da madatsar ruwa ta Goronyo, da inuwa muke rabon ruwa. Akwai sanda kafe a bakin kwatar ban ruwa, da dutse a gabas da ita. Ruwa nawa ne tun hantsi; da inuwar sandar ta taɓa dutsen sai in toshe, in sakar wa maƙwabcina.

Maƙwabcin nan kuwa shi ne mahaifin yarinyar da nake nema. A makon ya dasa albasa, kuma bai riga ya ba iyayena amsa ba.

Ran nan na ji a rediyo wai masana sun gano duniyoyi masu kewaya rana biyu, kuma idan tazarar ta yi daidai, ruwa zai iya kwanciya a wata daga cikinsu har a rayu. Ni da littattafan soyayya na kasuwa suka rena, nan take na ga ni da ita muna tafe a can, kowa da inuwa biyu. Na ɗauki dutsen na kai shi gaba, inda nake jin inuwa ta biyu za ta faɗa. Na zauna ina kallo, na manta ban mayar ba.

Sai da la'asar ta kusa na ji takunsa. Gonata ta cika har tana amai, dashensa kuwa ya kwanta a busasshiyar ƙasa. Ya dubi sanda, ya dubi ramin da dutsen ya bari.

"Wa ya taɓa dutsen ga?"

Ga sawun shanu nan birjik, da na ce su ne da ya yarda.

"Ni ne, Baba."

"Don mi?"

Na faɗa masa, har da rana biyun.

"To, mu nan guda muka da, ga abin da ta yi min. In albasar ga ta tashi, iyayenka su zo. In ba ta tashi ba, ka nemi mata can."

Kwana tara ina ba shi rabona, ina bin dashensa kunya-kunya da bokiti. Layi biyu suka mutu, sauran suka miƙe.

Iyayena sun je, an karɓe su. Amma kafin nan ya jefa dutsen cikin kwata, ya kafa turken ƙarfe a gurbinsa, ya sa ni na buga shi da hannuna.