Ribaɗin Gwaggo Sabuwa

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga Satumba 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Gwaggo Sabuwa, ƙanwar mahaifina, a mashigin ƙauyenmu da ke arewa da Rusairis. Za ta shiga kwalekwale ta ƙetara kogi zuwa lambu, ƙafarta ta zame, ta kai hannun dama ta cafki gefen jirgin. Waɗanda ke wurin sun ce ta kama sosai, sai kawai suka ga hannun ya buɗe. Kogi a cike yake. Bayan azahar aka tsamo ta.

Gwaggo, tun ranar kalma ɗaya nake ji a zaman makoki: ajali. Na yarda, ajali ne, ba mai ja da wannan. Amma na zauna cikin mata, na saurari maza ta bayan darni, ban ji wanda ya ambaci hannunki ba. Ni maganar hannun zan yi.

Duk wanda ya girma a unguwarmu ya ci kisrarki. Kina zuba ƙullu a kan farantin ƙarfe, ki ja shi da ɗan ganyen goriba, juyi ɗaya na wuyan hannu, ki ɗago ta siririya har ana hango hasken ƙofa ta cikinta. Ranar da zan tafi jami'a a Madani kin cika mini kwando, kika ce kada 'yan birni su ce 'yar Hausawa ba ta da kowa.

Shekarun baya kin faɗo daga amalanken jaki, kika tare ƙasa da tafin hannu. Basir, mai ɗorin ƙauye, ya naɗe wurin da tsumma. Da ciwon ya ƙi sauka, ɗanki Osman ya kai ki Damazin, aka ɗauki hoto. Likita na sauri, ya duba ya faɗa da Larabci cewa ƙashi lafiya, matsalar tana ga ribaɗ. Osman, wanda ke gyara mana Larabci a gida idan mun yi tuntuɓe, ribaɗ ɗaya ya sani: bandejin da ake sayarwa a kantin magani. Ya dubi tsumman mai ɗorin, ya gane komai nan take. Ya sayo sabo, mai roba, ruwan ƙasa, ya ce, “Ya walda, kalas. Inna, magana ta ƙare. Likita ya ce ɗaurin ne ba shi da kyau.”

Ribaɗin da likita ke nufi yana cikin naman hannunki. Wuyan hannu ƙananan ƙasusuwa ne guda takwas, jere biyu, kuma abin da ya haɗa su 'yan gajerun jijiyoyi ne masu tauri. Su ke barin hannu ya lanƙwasa, su ne kuma ke tsayar da shi kada ya wuce iyaka. Idan ɗaya ta tsinke, kowane ƙashi na nan lafiyarsa ƙalau, sai dai ba ya tafiya tare da ɗan'uwansa. Hannu ya riƙa ƙara idan an juya shi, ya ɗauki abu mai nauyi ya sake ba tare da ya shawarci mai shi ba. Da an gane da wuri, ana iya gyarawa.

Mu kuwa kalmomi biyu muke da su, karaya da targaɗe. Mai karaya ana zuwa gaishe shi da sukari da shayi. Mai targaɗe ana ba shi mako guda. Hoto ya ce ba karaya, don haka aka ba ki makonki, aka koma jiran kisra. Da kika fara sakin tulu, mijinki Kawu Audi ya ce son jiki ne ya zo miki da girma. Mata suka ce Sabuwa ta samu suruka, ta ajiye aiki. Kin wanke bandejin nan kin shanya, kin sake naɗawa, shekara da shekaru, har robarsa ta mutu.

Lokacin da yaƙi ya koro mu daga jihar Jazira, inda Madani take, gidanki muka sauka, ni da wasu iyalai daga Hasahisa da ba ki taɓa gani ba. Ba ki tambayi kowa dangi ba. Kin koya wa hannun hagu jan ƙullu, kisrar ta fito da kauri, kika ce, “Ku ci haka nan, ta 'yan gudun hijira ce, ta hi riƙe ciki.” A nan na kama hannunki na danna wurin da aka koya mini a karatun gashin ƙashi, na ji ƙasusuwan sun goce a ƙarƙashin babban yatsana. Na tara mutanen gida na ce jijiya ce ta tsinke, kuma sai an kai ki wurin mai fiɗa. Da jin jijiya, wata maƙwabciya ta kawo maganin hawan jini, wani ya aika a kira wanzami ya yi miki ƙaho. Kawu Audi ya saurare ni har ƙarshe cikin ladabi, sannan ya ce, “Ibtisam, kin yi karatu, ba mu musu. Amma hoto ya hi ki gani. Bari ƙasa ta lafa.” Na sake faɗa bayan ƙaramar salla, na sake bayan babba. Ƙasa ba ta lafa ba. An dai samu hanyar kai injin ban-ruwa Damazin gyara sau biyu, domin shi da ya tsaya kowa ya ji a jikinsa. Ke ba ki tsaya ba.

Ba don in tozarta kowa a kan kabarinki na rubuta wannan ba. Jiya a zaman makoki na ga Ma'u, matar Osman, wadda ta gaji farantinki, tana ɗauke da tiren shayi a kan damtse maimakon a tafi. Ta zame a laka watan jiya, ta tare da hannu. Na dubi wuyan hannunta, na ga bandeji ruwan ƙasa mai mutacciyar roba. Na tambaye ta inda ta samu. Ta ce, “Na Inna ne. Sun ce targaɗe ne, kuma abin mamaci da albarka.” Na kama hannun na danna, na ji abin da na ji a naki. Nata ciwon sabo ne, har yanzu akwai lokaci.

Na kwance bandejin a gaban mata, na sa a jakata. Osman, ranar Lahadi zan shiga motar Damazin da matarka. Ka zo idan kana so, amma ni zan yi wa likita magana, ni zan fassara. Kawu, za a yi kwanaki ba kisra a gidan nan. Na duba littattafaina, ba a mutuwa da rashin kisra.

Allah ya jiƙan ki, Gwaggo, ya karɓe ki cikin shahidai, ya yalwata kabarinki, ya ba ki littafinki a hannun dama, kuma hannun ya riƙe. Ina miƙa ta'aziyya ga Kawu Audi, da Osman, da Ma'u, da dukan waɗanda suka ci daga farantinki. Allah ya ba mu haƙuri a kan abin da ya wuce, kada ya ba mu haƙuri a kan hannun Ma'u. Amin.